Gyara a Kasuwar Lubliyana

Rana ɗaya tak aka ba mu. Kwana tara muka yi a wata makarantar noma a ƙasar Sulobeniya ana koya mana yadda ake ajiye albasa ta yi wata shida ba ta ruɓe ba, kullum daga aji sai rumbun sanyi, daga rumbun sanyi sai aji. A rana ta goma, wadda ta faɗo Asabar, aka ce za a kai mu Lubliyana, babban birnin ƙasar, mu ba idonmu abinci, washegari da safe mu hau jirgi. Ni Mashkura, malamar gona a Wurno, wadda ban taɓa wuce Kaduna ba kafin wannan tafiya, tun ina gida na gama tsara ranar nan. Zan hau tsohuwar fadar da ke kan dutse, zan shiga jirgin ruwa, zan sha askirim ko da sanyi zai kar ni, sannan in ɗauki hotunan da za su sa matan ofishinmu su daina yi mini magana na mako guda.

Duk wannan shiri na yi shi ne ban tuna da Kawu Mode ba.

Kawu Mode yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne shugaban manoman albasa na yankin Goronyo, abin da ya sa aka saka sunansa a tafiyar ke nan. Ya haura sittin, Turanci ko na gaisuwa ba ya ji, saboda haka ni ce bakinsa ni ce kunnensa tun daga filin jirgin Abuja. A cikin jirgin ne ma, bayan ya gama duk addu'o'in da ya haddace, ya gaya mini cewa yana ɗauke da saƙo.

Wai ana jibi za mu tashi wata tsohuwa ta zo masa daga Rara, Inna Baraka, matar amininsa da ya rasu. Shekara tara da suka wuce ɗanta Abdulƙadiri ya kwance saniyarta, wadda ta gada daga mahaifinta, ya kai kasuwar Acida ya sayar, ya bi hanyar Agadas. Da ya kira ta daga Libiya, cikin zafin zuciya ta ce masa kada ya ƙara kiran ta uwa. Shi kuma ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, bai ƙara kira ba. Shekara biyu baya sai ga hoto guda ya shigo wayar ƙanwarsa, babu gaisuwa babu komai, daga nan lambar ta mutu. A hoton yana tsaye kan wata gada, a bayansa ga wani koren dodo na ƙarfe mai fukafukai. Mijin ƙanwar malamin makaranta ne, shi ya bincika ya gano cewa gadar a Lubliyana take.

"Ta ce in gaya mai ta yahe mai," in ji Kawu. "Da baki taka son a hwaɗa mai, ido cikin ido. Ta ce da bakinta tay yi maganar, ba ta son ta mutu tana bisa kainai."

Na tausaya wa tsohuwar, wallahi na tausaya mata. Amma a raina na ce wannan ai neman abin da ba zai yiwu ba ne, kuma na ɗauka idan muka isa ya ga yadda Turai take zai haƙura da kansa. Ashe ban san kawuna ba.

Mota ta sauke mu a bakin tsohon gari, don ba a barin motoci su shiga tsakiyarsa. Mu goma sha biyu ne, jagorarmu wata doguwar Baturiya mai suna Moitsa, tana riƙe da lema rawaya a sama ko da yake babu ruwa, wai don mu riƙa hango ta. Kawu ya sha babbar riga mai aiki, ya ɗora wata ƙatuwar kwat ta aro a kai, ga hula ya kafa. Duk wanda muka wuce sai ya gaishe shi. Masu shan gahawa a bakin titi ya ce musu sannunku da hutawa, mai share ƙofar shago ya ce masa sannu da aiki, har wata mata mai jan kare ya yi wa barka da hantsi. Wasu su ɗaga masa hannu, wasu su waiga su ga ko da wani yake. Ni kuwa kunya kamar in nutse, sai na riƙa yin gaba kamar ba tare muke ba.

Da muka fito bakin kogin da ya ratsa garin, Kawu ya leƙa ya taɓe baki.

"Wanga shi na gulbin da aka ta hwaɗi? Ko rabin Rima bai kai ba."

"Kawu, ba girma aka kallo ba, kyau aka kallo."

"Kuma wanga shi na babban birninsu? To alhamdu lillahi. Garin ga bai hi ƙarhin cigiya ba. Kahin azahar mun same shi."

Gaskiya garin ƙarami ne, a ƙafa ake gama shi. Amma kyau kam Allah ya ba shi. Gidaje masu launin madara da na ƙwai, wani coci mai launin hoda, itatuwa sun sunkuyo kan ruwa ganyensu ya fara ja, ƙasa fes babu ko leda ɗaya. Na fara ɗaukar hoto tun ban san abin da nake ɗauka ba.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ga gadar. Dodannin huɗu ne ashe, kowace kusurwa da nata, bakinsu buɗe. Kawu ya zaro hoton daga aljihun gaba, inda ya naɗe shi a leda, ya duba shi ya dubi dodo, ya gano kusurwar, ya je ya tsaya daidai inda Abdulƙadiri ya tsaya. Daga nan ya fara tare mutane. Ya yi sallama, ya miƙa hoto. Mutum ya dubi hoton, ya dubi dodo, ya yi murmushi ya nuna dodon da yatsa yana gyaɗa kai, ma'ana eh, ka zo wurin, shi ne wannan. Mutum shida suka yi masa haka. Na bakwai, wani ɗan tsamurmuri da kyamara a wuya, ya ja da baya ya ɗauki Kawu da dodo tare, ya rusuna ya yi godiya ya wuce.

"Duk sun san dodo," in ji Kawu, "ba wanda yas san mutum."

Nan na ga dama ta samu, na matso.

"Kawu, diba mutanen ga. Kowa na ɗaukar hoto da dodon ga, kuma gobe ba ko guda da za ka iske nan. Baƙi na duka, kamar mu. Abdulƙadiri ma wataƙila yini guda yay yi garin ga yaw wuce. Mu bi mutane mu yi kallonmu, in mun koma a gaya ma Inna an nema ba a samu ba."

Bai ko dube ni ba. Ya ɗora babban yatsa a ƙasan hoton.

"Malamar gona, mi kika gani ga ƙahwatai?"

Na duba. Dogon takalmin roba ne, irin na shiga fadama.

"Ke da kinka taho kallo, irin shi kinka sanyo?"

Na dubi ƙafata, don ni takalmin da na sako na ajiye shi ne tun bikin ƙanwata, kuma tuni ya fara cin diddigena.

Sai ya tambaye ni, a Wurno idan ana neman baƙo daga ina ake farawa. Na ce daga fada. Ya ɗaga kai ya nuna ginin da ke saman dutse, wanda duk inda ka tsaya a garin kana hango shi, ya ce to mu je mu kai gaisuwa. Ban yi gardama ba, tunda can Moitsa za ta kai mu dama, kuma shi ne na farko a jerin abubuwan da na zo gani.

Da wani ɗaki na gilashi ake hawa dutsen, yana tafiya a kan dogo a karkace. Kawu ya damƙe mini wuyan hannu ya rufe ido, bai buɗe ba sai da ƙofa ta buɗe. Amma yana taka ƙasa ya gyara babbar riga, ya fito da goro fari guda biyar don fadawa, ya ce in tambayi Moitsa ta ina ake shiga wurin mai martaba. Na tambaya, ina cije leɓe. Moitsa ta yi bayani dalla-dalla cewa babu sarki a nan, ginin ya taɓa zama bariki, ya taɓa zama kurkuku, yanzu kuwa gidan tarihi ne da wurin cin abinci, wani lokaci a ɗaura aure a ciki.

"To wa ka kwana ciki?" in ji Kawu.

"Ba kowa, Kawu."

"Gida irin wanga, ba kowa? Gari ba sarki, to in baƙo ya sauka wa ka sanin ya sauka?"

Ban fassara wannan ba. Goron kuma tunda ya riga ya fito ba ya komawa aljihu, sai ya miƙa wa mai duba tikiti a ƙofa. Bawan Allah ya karɓa da ladabi, ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri guda, amma ya daure ya haɗiye. Kawu ya ce wannan yaron yana da tarbiyya.

Muka hau hasumiya. Matakalar ta kusa cire mini rai, amma da na fito sama na manta da diddige na manta da Kawu. Ga garin duka a ƙasa, jajayen rufi a jere, kogi ya lanƙwasa a tsakiya, can nesa kuma duwatsu da farin ƙanƙara a kansu, abin da a kalanda kawai na taɓa gani. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce a raina, Mashkura 'yar Wurno, yau ke ce a nan. Na juyo in nuna wa Kawu duwatsun, sai na tarar ya ba su baya, ya leƙa ƙasa yana ƙura wa wani fili ido, inda rumfuna suka yi layi kusa da gadar dodanni.

"Can mi na na?"

"Kasuwa ta, Kawu."

"Kasuwa? Kuma muna nan muna kallon duwatsu?"

A hanyar saukowa Moitsa ta biya da mu wata gada da masoya suka cika da kwaɗuna, kowa ya kulle nasa ya jefa makulli a ruwa. Kawu ya ce garin da ba ɓarayi ne kaɗai ake wasa da kwaɗo haka. A bakin kasuwa kuma ga wata na'ura mai sayar da madarar shanu, ka sa kwalba ta tsiyaya maka. Ya zagaya bayanta har sau biyu, ya ce shi dai bai yarda da nonon da ba a ga mai tallansa ba.

Kasuwar tsaf take, babu ihu babu turereniya. Kowane kaya a cikin akwatin katako, da ɗan allo an rubuta farashi, ga sikeli a gefe. Kawu ya nufi layin kayan miya kai tsaye, yana ɗaukar albasa yana shinshinawa yana mayarwa, yana cewa wannan ruwa ce zalla, wannan ko jariri ba za ta sa atishawa ba. Ni ina biye ina duban agogo, don saura kaɗan lokacin jirgin ruwa ya yi. Kwatsam ya tsaya cik har na yi karo da bayansa.

Rumfar ƙarshe ce. Tebur ne dogo an lulluɓe shi da koren ƙyalle har ƙasa, a bayansa wata tsohuwa gajera mai jan kumatu da ɗankwali. Kabeji da karas ɗinta duk a akwati suke kamar na kowa. Amma jar albasar da ke gaban tebur an kasa ta ne kashi-kashi, uku a ƙasa ɗaya a sama, kowace an juya kyakkyawan gefenta wajen mai saye, kamar dai ka shiga kasuwar Goronyo ranar Lahadi.

"Hannun ɗan gida na wanga," in ji Kawu a hankali. "Baturen da ad da sikeli mi zai kai shi kasa albasa?"

Na san gaskiya ya faɗa. Na karɓi hoton na miƙa wa tsohuwar. Ta dube shi, ta dubi katin shaidar taro da ke rataye a wuyana, ta girgiza kai da sauri tun kafin in buɗe baki. Moitsa ta zo ta tambaye ta da yarensu, ta juyo ta ce mini wai ba ta san shi ba, ba ta taɓa ganin sa ba. Na gaya wa Kawu. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, sannan ya jawo wani akwati da babu komai a ciki, ya kife shi a gefen tebur, ya tattara riga ya zauna.

Moitsa ta ce jirgin ruwa zai tashi nan da minti goma sha biyar.

"Kawu, don Allah tashi mu tahi. Ta ce ba ta san shi ba."

"Na ji. Tahi ki shiga jirginki, ɗiyata. Ni nan nike."

Ta yaya zan tafi? Mutumin da ko ruwan sha bai iya tambaya ba, in bar shi a kasuwar Turawa, in koma in ce wa mahaifiyata me? Moitsa ta ce mu same su a gadar dodanni ƙarfe huɗu. Ina tsaye ina kallon lemar nan rawaya tana nisa har ta sha kwana. Haushi ya turnuƙe ni. Na yi wata biyar ina mafarkin jirgin nan, ga shi an sayar mini da shi a kan albasa, albasar da na baro buhu-buhu a Wurno. Na koma gefe na harɗe hannu, na ƙudura ba zan ƙara fassara masa ko kalma ɗaya ba.

Ashe ba ya ma bukata. Rana ta yi sama, masu saye suka fara yawa, tsohuwa ita kaɗai, ga awo ga ɗaurin kaya ga ba da canji, sai haki take tana satar kallon Kawu. Da ta sunkuya za ta ɗaga wani akwatin dankali, Kawu ya miƙe ya karɓe mata, ya ajiye inda ta nuna. Bai koma ya zauna ba. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki jakar takarda ya buɗe mata baki. Ta dubi layin mutane, ta zuba. Kafin ka ce me sun zama abokan sana'a, ita tana aunawa, shi yana ɗaurewa yana miƙawa da Allah ya amfana.

Daga nan ne abin ya fara. A wurinmu idan ka sayi kaya an gama ciniki, mai kaya yakan ƙara maka ɗan wani abu a kai, gyara ke nan, kuma mai sayarwar da ba ya yi sunansa ya ɓaci a unguwa. Tsohuwa ta auna wa wata mata albasa, ta juya tana neman canji, Kawu ya ɗauki guda ɗaya ya jefa a jakar. Matar ta ware ido, ta nuna sikeli. Kawu ya ɗaga mata hannu, ma'ana je ki kawai. Na biyu ya samu guda biyu. Wani dattijo da ya sayi karas kaɗai, shi ma ya tafi da albasa uku da bai nema ba. Mutanen da ke rumfar kusa suka fara leƙowa, layi ya ƙara tsawo.

Sai a mutum na shida tsohuwa ta gani. Ta dafe kai ta fara zuba yare, tana nuna sikeli tana nuna jaka. Kawu ya yi mata murmushi, ya ce ba komai Hajiya, albarka ake nema, ya ƙara guda huɗu. Na manta da fushina na matso.

"Kawu, bari! Kayan mutane na! Za ka sa a kira muna 'yan sanda!"

Ko kallo ban ishe shi ba. Ya kai hannu ya kwashe kashi guda cur, huɗun nan manya da aka kasa a gaba, ya nufi jakar wata yarinya da ta sayi latas. A lokacin ne wata murya ta fito daga ƙarƙashin tebur, da Hausar gidanmu tsantsa.

"Baba Mode, don girman Allah! Nan ba a gyara! Da awo aka saidawa!"

Koren ƙyallen ya ɗaga. Dogon takalmin roba ya fara fitowa, sannan mutum ya biyo baya da rarrafe, ƙato mai gemu, ɓawon albasa a gashin kansa. Masu saye suka ja da baya. Tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta saki, kamar mai cewa ni dai na yi iyakar ƙoƙarina. Daga baya muka ji cewa katin wuyana ne ya tsorata ta, ta ɗauka hukuma ce ta zo, ko da yake shekararsa huɗu yana aiki a gonarta da takardunsa cikakku.

Kawu ya mayar da albasar kan tebur, ya kasa ta yadda take, ya karkaɗe hannu.

"Tun da niz zauna nika kallon bakin takalminka. Ubanka ma, Allah shi jiƙan shi, shekara talatin muna cin kasuwa tare, in yag ga ana gyara da kayanai zazzaɓi ka kama shi. Na san ba ka iya daurewa."

Na so in yi dariya, amma da na dubi Abdulƙadiri sai ta maƙale. Bai miƙe ba. Yana durƙushe a kan duwatsun kasuwa. Kawu ya fara gaisuwa yadda ake yi, ina gajiya, ina aiki, ya sanyi, ya baƙunta, shi kuma yana amsa lafiya lau da muryar da ba ta fita. A tambaya ta biyar ya kasa.

"Baba, hwaɗa min kawai. Yaushe ta rasu?"

"Wa?"

"Inna. Tun daga nesa nih hango babbar riga, nig gane ka. Na san babba kamarka ba ya ƙetaro teku sai da maganar mutuwa. Shi as sa nis shige ƙasan tebur. Na ce muddin ban ji ba, tana da rai."

Wannan magana ta soke ni. Ni da na wuni ina jin haushin jirgin ruwa, kunya ta rufe ni.

"Kai, rufa muna baki!" in ji Kawu. "Wa yac ce ma ta mutu? Da ƙahwarta ta hau mota daga Rara taz zaka Goronyo, tas sauka tana hwaɗa da direba don ya matse ta da buhun wake. Tashi tsaye. Saƙon da ag gare ni ba na durƙushe ba na."

Ya miƙe. Ya fi Kawu tsawo nesa, sai da Kawu ya ɗaga kai. Kawu ya jawo ni ya tsayar a dama, ya yafito tsohuwa ta tsaya a hagu, wai shaidu, duk da ba ta jin ko kalma. Layin masu saye ma ya yi tsit, kowa da jakarsa a hannu.

"Abdulƙadiri ɗan Yusha'u. Uwarka Baraka ta aiko ni. Ta ce maganar da tay yi ma cikin waya, ta janye ta. Ta ce saniya ta yahe, abin da kac ce da wanda ba ka ce ba ta yahe, duniya da lahira. Ta ce ita uwarka ta, ko ka kira ko ba ka kira ba."

Sau uku ya faɗa, bai canza kalma ba. A na farko Abdulƙadiri ya tsaya kamar bai ji ba. A na biyu ya sunkuyar da kai. A na uku ya rufe fuska da tafin hannu ya fashe da kuka, irin kukan da babba ke yi idan ya daɗe yana riƙe da shi, kafaɗunsa na jijjiga. Tsohuwa ta ciro ƙyallen aljihu tana share nata idon, ba tare da ta san abin da aka ce ba.

Kawu kuwa, maimakon ya rarrashe shi, sai ya kama hannuwansa ya janye daga fuskar, ya matsa kusa yana leƙen idonsa kamar mai duba akuyar da zai saya. Ya juya ya bi albasar tebur da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malamar gona, akwai yankakka cikin albasar ga?"

"Babu, Kawu."

"A karatun da kinka yi, albasar da ba a yanka ba tana sa hawaye?"

"Ba ta sawa."

"To kin shaida, kuka na na gaske." Ya gyara tsayuwa. "Saura rabin saƙon. Ta ce in na hwaɗa ma kay yi kuka, in ce ka taho gida. Ta ce ɗakinka na nan, shekara tara ana son a zuba gero ciki tana hanawa."

Na dubi Kawu baki buɗe, don wannan rabin ko ni bai gaya mini ba. Abdulƙadiri ya goge fuska da hannun riga.

"Baba, da ban yi kukan ba hwa?"

"Ta ce in ba ka yi ba, in murɗe ma kunne har sai ka yi."

Dariya ta ƙwace masa a tsakiyar kukan, ta ƙwace mini ni ma, har tsohuwa ta taya mu. Da ta lafa, sai ya sunkuyar da kansa daidai tsawon Kawu, ya juyo masa da kunnen dama.

"Ai ka riga ka yi," in ji Kawu. "An ɗauke ma."

"A'a Baba. Tunda ita tac ce, a yi min. Shekara tara ba wanda yaj ja min kunne."

Kawu ya ɗaga hannu ya kama kunnen. Ina kallo, bai murɗa ba. Ya dai riƙe shi tsakanin yatsunsa, ya daɗe bai saki ba.